Filin Tambaya da Amsa: Yadda Ake Sassaƙa Ƙafar Keken Doki ta Katako

A wannan fitowa wasiƙun da suka taru a gabanmu sun karkata ga abu guda, wato ƙafar keke ta katako irin wadda ake sassaƙawa da hannu, kuma yawancinsu daga 'yan'uwanmu masu sana'ar hannu mazauna Legas suka fito. Domin kada magana ta rikice, gungumen da ke tsakiyar ƙafar zan kira shi cibiya, sandunan da suke fitowa daga cibiya zuwa gefe zan kira su haƙarƙari, guntayen katako masu lanƙwasa da suke haɗuwa su zama da'ira kowannensu baka ne, zoben ƙarfen da yake ɗaure su gaba ɗaya kuwa ɗamara.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni kafinta ne a Agege, na shekara goma sha biyar ina aikin ƙofofi da kujeru. Wani mai ba da hayar dawakin biki ya kawo mini aikin ƙafafu huɗu na keken doki, ya ce na katako yake so irin na Turawan da. Na haɗa falankai da gam da ƙusa, na zana da'ira na yanke, amma da aka gwada da mutum uku a kan keken, ƙafa ɗaya ba ta yi tafiyar minti goma ba ta tsage. Ina kuskuren yake?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa sana'a albarka. Kuskuren yana cikin tsarin da ka bi tun farko. Kowane falanki yana da jijiya da ta miƙe ta fuska ɗaya, kai ma ka san yadda gatari yake raba itace cikin sauƙi idan ya bi jijiya, da yadda yake gaza shiga idan an sare ta a karkace. Ƙafar da aka yanke daga falanki tana juyawa ne nauyi yana sauka a kanta ta kowace fuska, saboda haka a kowane zagaye sai ta kai wurin da nauyin yake bin jijiyar kamar gatari, ƙusoshin da ka buga kuma su zama masu buɗa tsagar. Mutanen da ma sun yi ƙafa ta falankai uku da aka ɗaure da katakon gicciye, amma mai kauri ce ƙwarai, mai nauyi, ta shanu masu tafiyar hankali. Keken doki yana buƙatar ƙafa mai haƙarƙari, wadda babu gam a jikinta, kuma babu ƙusar da take riƙe gaɓoɓinta.

A Ingila, inda sana'ar ta yi ƙarfi har Sarki Charles na Biyu ya ba ƙungiyar masu ita ta birnin Landan takardar amincewa a 1670, itace uku ake haɗawa a ƙafa ɗaya, kowane da aikinsa. Cibiya da itacen elm ake yin ta, domin jijiyarsa a sarƙe take, ana iya huda masa ramuka goma sha biyu a jere a kewaye bai tsage ba. Haƙarƙari da itacen oak, mai jure danniya daga sama. Baka kuwa da itacen ash, wanda yake ɗan ba da kai idan ƙafa ta faɗa rami sannan ya koma yadda yake. A Amurka sun fi son itacen hikori wajen haƙarƙari. Abin lura a nan shi ne halin da ake nema a kowane wuri, domin sunayen itatuwan ba za su amfane ka a kasuwar katako ta Legas ba.

Daga cibiya ake fara aiki. Ana juya gungumen a inji har ya zama kamar ƙaramar ganga, a sa masa zobban ƙarfe da zafinsu don kada ya buɗe, sannan a raba kewayensa daidai a fafe ramuka masu kusurwa huɗu, ɗaya ga kowane haƙarƙari. Wannan fafewa ita ce gwajin gwani, domin ramukan ba a miƙe suke shiga ba, suna da ɗan karkata wanda dole ya zama iri ɗaya a dukansu. Shi ya sa masu sana'ar suke kafa wani dogon ma'auni a tsakiyar cibiya suna juya shi daga rami zuwa rami.

Haƙarƙari ba a yanka shi da zarto idan ana son mai ƙarko. Ana faskara gungume ne kamar yadda ake faskara itacen girki, domin tsagar ta bi jijiya daga wannan kai zuwa wancan, sannan a fere shi a rage masa nauyi a gaba da gefuna, a bar bayansa da kauri inda wahala take sauka. Duk masassaƙin da ya taɓa yin ƙotar gatari ya san dalilin wannan, domin ƙotar da jijiyarta ta gicciya a sara na farko take karyewa. Ana sassaƙa gindin haƙarƙari ya ɗan fi raminsa cika, a dasa shi da babbar guduma har ya zauna daram. Idan an gama dasa su duka, sai a auna daga tsakiyar cibiya a yi wa kowanne alama a tsawo ɗaya, a fere kansa ya zama harshe mai shiga ramin baka.

Kowane baka haƙarƙari biyu yake ɗauka. Ƙafa mai haƙarƙari 12 tana da baka 6, mai 14 tana da baka 7, kuma galibi ƙafafun gaba sun fi na baya ƙanƙanta domin keke ya iya juya kwana. Ana yanke baka daga katako mai kauri bisa samfurin da aka ajiye na kowane girma, a huda masa ramuka biyu na haƙarƙari, a kuma huda kawunansa a sa turakun katako da za su riƙe shi da maƙwabcinsa. Tunda haƙarƙari suna ƙara nisa da juna yayin da suke fita, sai an matso kawunan biyu da wani makami mai ƙugiya kafin su shiga ramukansu, kuma ana buga dukkan bakunkunan ne kaɗan-kaɗan a zagaye, ba a kai ɗaya ƙarshe a bar saura. Ana barin 'yar siririyar tazara a kowane mahaɗi da gangan, wadda ɗamara za ta rufe.

Karkatar ramukan da na ambata ita ce take sa ƙafar da aka gama ta zama kamar malafa, ƙoƙonta yana kallon jikin keke, bakinta yana kallon waje. Doki idan yana tafiya yana rangaji hagu da dama, kayan da ke kan keke kuma suna bugun cibiya daga ciki da kowane taku. Ƙafar da take shimfiɗe kamar faifai wannan bugu zai turo cibiyarta waje ya karya haƙarƙarin. Mai siffar malafa kuwa, duk lokacin da aka bugi ƙoƙonta sai haƙarƙarin su ƙara tokare baka, baka kuma ɗamara ta hana shi buɗewa. Ana ɗan sunkuyar da kan sandar da ƙafa take juyawa a kanta domin haƙarƙarin da yake ƙasa, mai ɗauke da nauyi a wannan lokaci, ya tsaya a miƙe.

Shawarata ita ce ka gaya wa mai aikin gaskiya cewa wannan aiki ne na watanni, ka fara da ƙaramar ƙafa ɗaya ta gwaji wadda ba za a ɗora wa mutum ba, kuma ka nemi maƙeri tun yanzu, domin rabin aikin nasa ne. Keken da amarya da ƙawayenta za su hau a titi mai cike da motoci ba wurin koyon hannu ba ne.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni maƙeri ne, iyayena daga Gobir suka zo, ina sana'a a Alaba Rago. Na ji an ce ƙarfen da ke bakin irin wannan ƙafa ba ƙusa ce take riƙe shi ba, wuta ce. Yaya ake yi?

AMSA: Barka kadai, ɗan Sarkin Maƙera. Abin da aka gaya maka gaskiya ne, kuma ka riga ka san tushensa, domin ka sha ganin yadda ƙarfe yake buɗewa a wuta ya tsuke idan ya huce. Ana ƙera ɗamara ta ɗan gaza kewayen ƙafa, ta yadda da sanyinta ba za ta shiga ba ko an buga ta da masaba. Awon shi ne komai. Masu sana'ar suna da wani ɗan faifan ƙarfe mai mariƙi da suke gangarawa a kan bakin ƙafa suna ƙirga juyinsa, sannan su gangara shi a cikin zoben da aka lanƙwasa, domin awon ciki ake so, ba na waje ba. Daga awon ƙafa ana cire jimillar tazarar da kafinta ya bari a mahaɗan baka, a ƙara cire ɗan abin matsi, sannan a yanke ƙarfen a haɗa bakinsa. A da a wuta ake haɗa shi a kan uwar maƙera, yanzu kuwa walda mai kyau ta wadatar.

Ga lissafin da zai nuna maka iyakar abin da wuta za ta ba ka. Ƙarfe yana ƙara tsawo da kimanin kashi 12 cikin miliyan a kowane digiri ɗaya na zafi a ma'aunin Selsiyos. Ƙafa mai faɗin mita 1.2 kewayenta ya kai kimanin mita 3.77. Idan zafin ɗamararta ya ƙaru da digiri 500, za ta buɗe da kimanin milimita 23, wato ƙasa kaɗan da inci ɗaya. A cikin wannan ɗan incin ne dukkan sana'ar take: idan ka rage fiye da abin da wuta za ta buɗe, ɗamara ba za ta shiga ba, ko kuma ta shiga da ƙyar ta lanƙwasa haƙarƙari ta ƙara wa malafar zurfi har ƙafa ta lalace. Idan ka rage ƙasa da yadda ya kamata, ƙafa za ta yi ta ƙara tana girgiza tun ranar farko.

Ana kwantar da ɗamara a ƙasa a kan duwatsu, a jera mata itace a zagaye a kunna, domin zafi ya kama ta ko'ina daidai, abin da zuga-zugi da gawayi a wuri ɗaya ba za su yi ba. Ita kuma ƙafar ana kifa ta a kan shimfiɗaɗɗen faranti na ƙarfe ko daɓen siminti, a ɗaure cibiyarta da dogon noti don kada ta ɗago. Idan ƙarfe ya fara ja kaɗan, mutum biyu ko uku su ɗauko shi da dogayen awartaki, su karkaɗe toka, su ɗora a kan baka, a dinga jan sa da ƙugiya ana bugawa har ya zauna. Katako zai kama hayaƙi nan take, har harshen wuta ya tashi, don haka masu ruwa suna tsaye da bokitai, suna zubawa a zagaye ba tare da jinkiri ba, domin gawayin da ya samu tsakanin ƙarfe da katako daga baya zai zube ya bar ɗamara sako-sako. Yayin da ƙarfen yake hucewa za ka ji ƙafar tana ƙara, mahaɗan suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, haƙarƙari suna ƙarasa shiga ramukansu. 'Yan ƙusoshin da ake bugawa bayan haka don hana ɗamara zamewa gefe ne kawai.

Ina roƙonka abu biyu. Kada ka hura wannan wuta a tsakanin rumfuna, domin mu mazauna Legas mun ga abin da gobarar kasuwa take yi, a nemi fili a tanadi ruwa. Sannan idan keken a kan kwalta zai yi tafiya, ƙarfe tsirara yana da ƙara kuma yana santsi. Masu kekunan doki na birane suna sa ɗamara mai kwari a bayanta, a cusa roba marar iska a cikin kwarin.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar firamare a Idi-Araba. Wani ɗalibina ya tambaye ni dalilin da ya sa kakanninmu suka yi fatauci daga Kano har Gwanja da jakuna da 'yan dako ba su yi keke ba, ko ba su san ƙafar keke ba ne? Na rasa amsar da zan ba shi.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya yi wa wannan yaro albarka, tambayarsa ta manya ce. Ki fara gaya masa cewa ƙafar keke tsohuwar aba ce ƙwarai. Mafi tsufa ta katako da aka tono an same ta a 2002 a wata fadama kusa da birnin Lubliyana na ƙasar Sulobeniya, ta haura shekara 5,000, an yi ta da itacen ash, sandarta kuma da oak. Ramin tsakiyarta mai kusurwa huɗu ne, alamar cewa tare da sandar take juyawa. Ƙafa mai haƙarƙari ta bayyana wajen shekara 2,000 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, a kaburburan Sintashta da ke kudancin duwatsun Ural a Rasha. A nahiyarmu kuwa, lokacin da aka buɗe kabarin Fir'auna Tutankamun a Masar a 1922, an tarar da karusai shida a ciki, masu ƙafafu marasa nauyi da aka lanƙwasa itacensu aka ɗaure da fata.

Abin da zai fi ba shi mamaki shi ne a cikin Sahara kanta, a duwatsun Tasili na Aljeriya da Fezzan ta Libiya har zuwa Azbin, akwai zane-zanen karusai da dawakai waɗanda mutanen zamanin da suka bari a jikin dutse. Ke nan ƙafar keke ta iso ƙofar ƙasar Hausa tun da daɗewa. Abin da ya kore ta daga Arewacin Afirka da ƙasashen Larabawa shi ne raƙumi, wanda yake ɗaukar kaya masu nauyi a kan yashi da duwatsu ba ya buƙatar a share masa hanya, kuma mutum ɗaya yana jan raƙuma da dama. Keke kuwa sai da hanya mai faɗi da ake gyarawa bayan kowace damina, da gada a kan kowane rafi. Bafataken da ya lissafa wannan ya ga jaki da takarkari da raƙumi sun fi masa riba. A kudu, inda kurmi ya yi duhu, ƙudan tsando yana sa wa dawaki da shanu sammore, babu dabbar da za ta ja keken ko da an yi shi.

Sarakunan yankin ma sun san keke. Sarakunan Dahomey sun mallaki kekuna da suke fitowa da su a bukukuwan shekara a Abomey, kuma a 1841 wani ɗan mishan mai suna Thomas Birch Freeman ya kai wa Sarkin Asante Kwaku Dua kyautar keken doki har Kumasi. Sun zauna a matsayin kayan alfarma, ba su zama abin sufuri ba, saboda dalilan da na faɗa. Lokacin da hanyoyi suka samu, jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, mota ta biyo baya, sai muka tsallake zamanin keken doki gaba ɗaya. Wannan ne ya sa muke da masassaƙan turmi da kwalekwale da sirdi, muke da maƙera da ba a raina su, amma sana'ar da take haɗa su biyu a kan ƙafa ɗaya ba ta kafu a wurinmu ba. Su kansu motocin farko da ƙafar katako suka zo, domin Ford Model T da ta fito a 1908 haƙarƙarinta na katako ne.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan dako ne a kasuwar Mile 12. Mun yi gardama da abokaina, wai kalmar amalanke ba Hausa ba ce. Kuma ko ƙafar katako za ta fi mana tayar da kullum take yin faci?

AMSA: Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a gumi. Abokanka sun yi gaskiya, daga omolanke ta Yarabanci muka aro ta, kuma ta zama tamu. Game da ƙafa kuwa, ka riƙe tayarka. Tun da John Boyd Dunlop ya fito da taya mai iska a 1888, babu ƙafar katako da ta kama ta wajen sauƙin turi a hanya mai gargada, balle idan akwai boris a cibiya. Taɓon kasuwa da ruwan da yake kwanciya da damina za su ruɓar da baka cikin ɗan lokaci, kuma duk ramin da ka faɗa da buhunan albasa, bugun a kafaɗunka zai sauka.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina sayar da katako a Ebute Metta. Idan kafinta ya zo neman itacen irin wannan aiki, wanne zan nuna masa a cikin namu?

AMSA: Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Ka nuna masa itace bisa halin da na bayyana a amsar farko. Cibiya tana son mai sarƙaƙƙiyar jijiya, kuma loko, wanda kasuwa take kira iroko, yana da wannan hali, ga shi gara ba ta cika damunsa ba. Kawo, wanda Yarabawa suke kira apa, yana da ƙarfi kuma ba ya yawan motsi idan yanayi ya sauya, don haka ya cancanci a gwada shi a haƙarƙari idan an sami gungume mai miƙaƙƙiyar jijiya. Danta an san shi da yin ƙotar kayan aiki da bodin manyan motoci saboda jure bugu, halin da ake nema a baka ke nan. Obeche da malaina sun yi taushi, kada a kusance su. Maɗobiya kuwa an yi mata saran da ya kusa ƙarar da ita a dazuzzukanmu, har aka sa cinikinta na ƙetare a ƙarƙashin ƙa'idar CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya mai taƙaita cinikin dabbobi da itatuwan da suke neman ƙarewa, ban ga dalilin ƙara mata wani nauyi ba. Wannan zaɓi na hankali ne bisa halin itatuwan, kuma ƙaramar ƙafar gwaji ce za ta tabbatar da shi.

Amma abin da ya fi sunan itace muhimmanci shi ne bushewarsa, kuma a nan nake jin tsoro. Duk wanda ya bi ta kan gadar Third Mainland ya ga gungumen da ake jawowa ta ruwa a ɗaure kamar gado, kuma ka fi ni sanin cewa yau ake tsaga su gobe a sayar. Katakon da ya isa a yi rumfa da shi bai isa a yi ƙafa da shi ba. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce shekara ɗaya ta shanya a inuwa ga kowane inci na kauri, gungumen cibiya kuwa yakan yi shekaru a ajiye, har sukan huda tsakiyarsa tun yana ɗanye domin ya bushe daga ciki ba tare da ya tsage ba. Ana jera falankai da 'yan sanduna a tsakaninsu don iska ta ratsa, a shafe kawunansu da fenti, a ɗaga su daga ƙasa. Ɗan kasuwar da zai iya ware wani kaso na kayansa ya yi masa wannan haƙuri, ko ya kai shi gidan da ake busarwa da inji, zai sami masu saye ko a cikin masu ƙofofi da kujeru.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni dattijo ne a Obalende. Ina da wani tsohon keken doki da na saya a nan Legas, ƙafafunsa lafiya lau. Na aika da shi Kano wurin ɗana domin hawan Sallah, sai ya bugo waya da hunturu ya ce ƙarfen bakin ƙafa yana motsi, sandunan suna ƙara. Wani ya ce a jiƙa su a ruwa. Shin maganin ke nan?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ƙafafun ba su lalace ba, ƙishirwa ce ta kama su. Katako yana shan laima daga iska yana kumbura, yana kuma fitar da ita yana tsukewa, har ya daidaita da wurin da yake zaune. Laimar iskar Legas takan haura kashi 80 cikin ɗari, ta Kano kuwa da hunturu takan faɗo ƙasa da kashi 20. Ka tuna yadda ƙofar katako take ƙin rufuwa da damina, da rani kuma ta bar tazara. Baka ya tsuke, cibiya ta tsuke, ƙarfe kuwa yana nan yadda yake, shi ya sa ɗamara ta saki.

Jiƙawa dabara ce tsohuwa, masu kekuna a ƙasashe da yawa sukan ratsa da su ta cikin rafi don wannan dalili, kuma tana aiki na kwana kaɗan. Illarta ita ce katakon da ya kumbura a cikin zoben ƙarfe ba shi da wurin zuwa, sai jijiyarsa ta murƙushe, idan ya sake bushewa ya fi da sakewa. Ga kuma ruwan da yake maƙalewa a ramukan haƙarƙari yana jawo ruɓa. Wanda ya saba wa ƙafa da jiƙo zai yi ta jiƙa ta har ranar da za ta watse.

Gyaran gaskiya shi ne a bar ƙafafun a inuwa a can Kano har su gama bushewa, sannan a cire ɗamara a duba kowace gaɓa. Haƙarƙarin da ya ruɓe a gindi a sauya shi. Idan bakunkuna sun haɗe da juna alhali haƙarƙari suna motsi, sai a ɗan rage kawunan baka da zarto domin a sami tazarar da za ta ba da'irar damar matsowa ciki. Daga nan a sake auna ƙafa, a yanke ɗan guntu daga ɗamara, a haɗa ta, a mayar da ita da wuta kamar yadda na bayyana wa ɗan'uwanmu na Alaba Rago, sannan a shafe katakon da fentin mai har cikin mahaɗai. Sai dai a yanke shawara tun yanzu a kan inda keken zai zauna, domin ƙafar da aka ɗaure da tsakiyar hunturun Kano idan ta dawo Legas da damina za ta kumbura ta matse fiye da kima, don haka idan zai riƙa zirga-zirga tsakanin garuruwan biyu kada maƙeri ya tsananta matsin. Ka gaya wa ɗanka, Baba, kada kowa ya hau keken, kuma kada a ɗaura masa doki, sai an yi wannan gyara an gangara kowace ƙafa a kan daɓe an ji ba ta ƙara.